Yafiya a Addinin Kirista: In Ka Ce "Na Yafe", Shi Ke Nan An Binne Maganar?

Tun ƙarshen shekarar 2024, lokacin da gwamnatin jihar Kaduna ta shiga sulhu da 'yan bindigar yankin Birnin Gwari har aka sake buɗe kasuwar shanu, wata tambaya ta ƙi barin bakin mutane. Mutumin da ya kashe maka ɗan'uwa, ko ya tsare 'yarka a daji sai da ka sayar da gona ka kai kuɗin fansa, in ya fito ya ce ya tuba, me addini yake nema daga gare ka? Ka yafe? To, in ka yafe, shi ke nan babu kotu, babu diyya, babu ko tambayar inda aka binne gawa?

Tambayar ta shafi kowa, domin mutanen Birnin Gwari da Giwa da suka sha wuyar 'yan bindiga yawancinsu Musulmi ne, kamar yadda na Kajuru da Chikun da Kaura da yawansu Kirista ne. Amma a cikin majami'u ta ɗauki wani salo na daban, saboda yafiya tana tsakiyar koyarwar Kirista. Ana jin murya biyu. Ɗaya tana cewa kai Kirista ne, dole ka yafe, saboda haka ka yi shiru. Ɗayar, wadda ta fi fitowa daga matasa a Facebook da wuraren shan shayi na Sabon Tasha da Narayi, tana cewa wannan wa'azin yafiya shi ne ya mai da mu abin farauta. A ganina duka biyun sun ɗauki kalma ɗaya sun ɗora mata kayan da ba nata ba.

Kalmomin da muke cakuɗawa

A bakin Bahaushe akwai kalmomi aƙalla huɗu da suke zama kusa da juna har a kan ɗauka abu ɗaya ne.

Akwai haƙuri. Wannan daurewa ce, a shanye abu a ci gaba da rayuwa. Mutum yana iya yin haƙuri shekara ashirin alhali bai yafe ko da na minti ɗaya ba. Shi ya sa "sai haƙuri" da muke faɗa a wurin ta'aziyya ba ta rufe komai.

Akwai yafiya, ko gafara. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932 bayan aikin fassara da Likita Walter Miller na Wusasa ya taka rawa sosai a ciki, ya fi amfani da "gafarta", mu kuma a gida "yafe" muke cewa. Kalmar Helenanci da ke ƙarƙashinta a Sabon Alkawari tana nufin saki, kamar yadda ake sakin bashi ko a kwance wa dabba igiya. Wanda ya yafe ya saki haƙƙinsa na ramawa da hannunsa, ya daina neman sharri ya sami wanda ya cuce shi.

Akwai sulhu, wato komawar zumunci. Yafiya mutum ɗaya yana iya yin ta shi kaɗai a ɗakinsa. Sulhu kuwa sai da mutum biyu, kuma sai wanda ya yi laifin ya motsa.

Sai afuwar hukuma, wato ɗage hukunci. Wannan ba ta hannun wanda aka cuta, ba ta hannun fasto. Sashe na 175 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa wannan iko, sashe na 212 kuma ya ba gwamna a kan laifuffukan da dokar jiha ta tanada.

A gefe kuma ga wasu maganganu biyu da muke furtawa kullum: "na bar shi da Allah" da "Allah ya isa". Ta farkon tana iya zama yafiya ta gaskiya, domin a Romawa sura 12 Bulus ya ce kada mu yi ramuwa, mu bar wa Allah, ramuwa tasa ce. Amma mu faɗi gaskiya, sau da yawa in an ce "na bar shi da Allah" ana nufin ne Allah ya yi masa abin da ya fi ƙarfin hannuna. Ramuwa ce aka ba da ita kwangila.

Inda umarnin ya fito

Duk yaron da ya yi makarantar Lahadi ya haddace addu'ar Ubangiji, inda muke roƙon Allah ya gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suke yi mana laifi. A cikin dukan roƙe-roƙen da ke addu'ar, wannan kaɗai Yesu ya koma ya yi wa ƙarin bayani nan take, a Matiyu 6:14-15: in ba ku yafe wa mutane ba, Ubanku ma ba zai yafe muku ba. Babu wata hanyar kauce wa wannan. Duk mai cewa yafiya zaɓi ce ga Kirista, in ya ga dama ya yi, bai karanta wurin nan ba.

Amma wurin da ya fi buɗe maganar shi ne Matiyu sura 18. Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa. Yesu ya ce masa bakwai har sau saba'in. Masu sauraro Yahudawa za su tuna da Lamek a Farawa sura 4, wanda ya yi wa matansa fahariya cewa za a rama masa sau saba'in da bakwai. Yesu ya ɗauki lissafin ramuwa ya juya shi ya zama na yafiya.

Sai ya kawo misalin sarkin da ya zauna yin lissafi da bayinsa. Aka kawo wanda ake bi talanti dubu goma. Talanti ɗaya kusan dinari dubu shida ne, dinari ɗaya kuma ladan lebura ne na yini guda. Wato bashin ya kai ladan yini miliyan sittin, abin da ko jikokin jikokinsa ba za su biya ba. Ya roƙa, sarki ya yafe masa. Yana fita ya gamu da ɗan'uwansa bawa da yake bi dinari ɗari, ya shaƙe masa wuya, ya sa aka kulle shi.

Akwai abubuwa uku a misalin nan da ba kasafai nake jin an tsaya a kansu a bagade ba. Na farko, dinari ɗari ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ladan fiye da wata uku ne. Ka tambayi mai tura baro a Kasuwar Barci ko mai walda a Panteka ko zai ce ladan wata uku "ba komai". Yesu bai ce ɓarnar da aka yi maka wasa ce ba, ya dai ajiye ta kusa da wadda aka yafe maka. Na biyu, labarin ya fara ne da lissafi. An buɗe littafi, an faɗi adadin bashin, sannan aka yafe. Ba a yafe abin da ba a ambaci sunansa ba. Na uku, sauran bayin da suka ga zaluncin sun je sun kai ƙara wurin sarki, kuma babu inda aka zarge su da rashin yafiya. Ƙarar tasu ce ma ta kawo gyara.

Kunci na biyu, da zancen na uku

Ayar da aka fi jifan Kirista da ita, kuma Kirista suka fi jifan juna da ita, ita ce Matiyu 5:39: in an mare ka a kuncin dama, ka juya ɗayan. Daga nan ne maganar nan da ta yaɗu a Arewa bayan rikice-rikice ta samo asali, wai mun juya na ɗaya, mun juya na biyu, babu na uku.

Masana da dama sun lura cewa marin kuncin dama daga mai amfani da hannun dama da bayan hannu ake yin sa, wato marin raini ne, irin na ubangida ga bawa. Zancen cin mutunci ake yi da yadda za a amsa shi ba tare da an rama ba. Shi kansa Yesu da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, a Yahaya sura 18, bai rama ba, amma bai yi shiru ba. Ya ce in ya faɗi mugun abu a nuna, in kuwa daidai ya faɗa, don me aka mare shi. Bulus ma da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, washegari aka aiko a sallame shi a ɓoye, ya ƙi fita, ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu. Daga baya ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Mutumin da ya rubuta cewa kada a yi ramuwa shi ne kuma, a sura ta gaba, Romawa 13, ya ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, aikinsa ne ya hukunta mai mugunta.

Batun kare kai kuwa, wanda ya ƙara zafi tun da Janar T. Y. Danjuma ya yi kira a Jalingo a watan Maris na 2018 cewa mutane su kare kansu, ikilisiyoyi ba su da baki ɗaya a kansa. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya (EYN) ta Arewa maso Gabas ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami, wasu kuma suna ganin tsare iyali wajibi ne. Abin da babu wata ikilisiya da za ta iya halattawa shi ne ramuwar gayya. Mai kare kansa yana fuskantar wanda ya zo masa da dare. Mai ramuwa yana fita da safe neman wanda ya yi kama da shi. Mun ga haka a ranar 17 ga Yuni 2012, da aka tayar da bama-bamai a majami'u a Zariya da Kaduna, wasu matasa suka tare hanya suka huce a kan Musulmin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Waɗanda suka aiko da bam ɗin ba su rasa ko ɗan yatsa ba.

Sai ya tuba, ko tun kafin ya tuba?

Nan malaman Kirista suka rabu, kuma rabuwar ta gaskiya ce.

Ɓangare ɗaya yana riƙe da Luka 17:3, inda aka ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Suna cewa Allah kansa ba ya gafarta wa wanda bai tuba ba, don haka ba za a nemi mutum ya fi Allah jinƙai ba. Yafiyar da aka miƙa wa wanda bai nema ba, a wurinsu, tana rage wa laifi nauyi.

Ɗaya ɓangaren yana nuna Yesu a kan gicciye yana roƙa wa masu kashe shi gafara alhali suna kan aikin, da Istifanas yana roƙon kada a ɗora wa masu jifansa wannan zunubi, da Markus 11:25 da ya ce in kun tsaya yin addu'a ku yafe in kuna riƙe da wani abu game da kowa. Babu sharaɗin tuba a wurin.

Ni dai ina ganin kowane ɓangare yana riƙe da rabin tabarma. Sakin ramuwa daga zuci ba ya jiran kowa, domin in ya jira, to wanda ya cuce ka shi ne yake riƙe da makullin zuciyarka, kuma mai yiwuwa ba zai taɓa zuwa ba. Amma komawar amana da zumunci tana jiran tuba, kuma tuban da ake gani da ido. Yusufu ya yi kuka a ɓoye tun ganin farko da ya yi wa 'yan'uwansa a Masar, amma bai bayyana kansa ba sai da ya gwada su, ya ga ko za su sayar da Biliyaminu kamar yadda suka sayar da shi. Da Yahuza ya ce a riƙe shi a madadin yaron, a lokacin ne Yusufu ya ce ni ne.

Na taɓa zama a wata ta'aziyya a kudancin garin Kaduna inda wata dattijuwa daga zumuntar mata ta ikilisiya ta dafa gwauruwar ta ce, "'Yata, sai haƙuri, ki yafe musu." Matar ta ɗago ta ce, "Mama, wa zan yafe wa? Ko fuskarsu ban gani ba." Babu wanda ya amsa. Kwana uku ke nan da binne mijinta. Littafin da ya umarce ta ta yafe shi ne kuma yake ɗauke da Zabura ta 13 da ta 94, inda ake tambayar Allah har yaushe, da Wahayin Yahaya sura 6, inda waɗanda aka kashe saboda bangaskiya suke kuka suna tambayar yaushe za a yi musu shari'a. Ba a tsawata musu ba, an ba su fararen riguna aka ce su ɗan jira.

Abin da tarihin garin nan ya yi wa maganar

Wanda bai zauna a Kaduna ba zai yi wuya ya gane dalilin da kalmar yafiya take ƙona wa mutane kunne. Kafanchan a 1987. Zangon Kataf a 1992, wanda ya fantsamo har cikin birni. Rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayun 2000, inda aka rasa sama da mutum dubu, kuma daga nan ne garin ya rabu, kogi ya zama iyaka, Kirista suka kwarara kudu, Musulmi suka kwarara arewa. Rikicin gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002. Rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci sama da mutum 800 a Arewa cikin kwana uku, mafi yawansu a jihar nan, har da Musulmi masu yawa a Zonkwa da kewaye. Sannan zamanin garkuwa da mutane: ɗaliban makarantar horar da limaman Katolika ta Kakau a Janairun 2020, inda aka kashe Michael Nnadi mai shekara 18, da ɗalibai 121 na makarantar Bethel Baptist a ranar 5 ga Yuli 2021.

Bayan kusan kowanne, tsarin ɗaya ne. A kafa kwamiti, a tara malamai da sarakuna, a ce a yafi juna, a ɗauki hoto. Waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da yawan gawarwakin. Ko sanarwar zaman lafiya ta Kaduna da malamai 22 na addinan biyu suka sa wa hannu a ranar 22 ga Agustan 2002, wata uku kacal ta yi kafin gari ya sake kamawa da wuta. Matashin da ya taso yana ganin haka, in ya ji "a yafe", abin da kunnensa yake fassarawa shi ne "ba za a yi komai ba". Laifin ba na koyarwar ba ne. Romawa 12 aka riƙa karanta wa talaka, mai riƙe da takobin Romawa 13 kuma ya mai da shi kube.

Duk da haka garin nan ne ya fitar da misalin da duniya take nunawa. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa sun jagoranci matasa masu gaba da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. An haɗa su a 1995, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai da ke nan Kaduna, wadda ta shiga sulhun Yelwa da Shendam a jihar Filato. Abin da ya fi jan hankalina a labarinsu ba rungumar juna ba ce. Wuye ya sha faɗa da bakinsa cewa sun yi kusan shekara uku suna aiki tare, suna tafiye-tafiye tare, alhali tunanin kashe Ashafa bai bar zuciyarsa ba. Fasto ne, ya san ayoyin duka, amma sai da ya ɗauki shekaru. Mu kuma muna son gwauruwa ta gama nata kafin a naɗe tabarmin zaman makoki.

Wa yake da ikon yafe wa "tubabbu"?

Gwamnati tana iya yanke shawarar cewa tsayar da zubar jini ya fi kama mutane muhimmanci a wani lokaci. Hujja ce mai nauyi, kuma manomin da ya koma gonarsa bayan shekaru, ko direban da ya bi hanyar Birnin Gwari ya dawo lafiya, ba zai raina ta ba. Tun 2016 ma gwamnatin tarayya take gudanar da shirin sauya tunanin tsofaffin mayaƙan Boko Haram a Malam Sidi ta jihar Gombe. Amma wannan siyasa ce da dabarar tsaro, a kira ta da sunanta. Gwamna yana iya ɗage hukunci. Ba ya iya cewa "mun yafe" a madadin matar da ba a tambaye ta ba. A nan maƙwabtanmu Musulmi suna da magana mai kaifi, cewa haƙƙin bawa sai bawan ya yafe, kuma a hukuncin kisasi iyalan mamaci ne suke da zaɓin kisasi ko diyya ko afuwa. Matiyu 5:23-24 yana kusa da haka: in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon, ka je wurinsa tukuna.

Tuba ma tana da kamanni a Littafi Mai Tsarki. Zakka mai karɓar haraji bai tsaya a kan "ku yi haƙuri" ba. Ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu, sannan Yesu ya ce ceto ya shigo gidan. In da ma'aunin Zakka za a auna, tambayoyin da za a yi wa mai cewa ya tuba a fili suke: ina shanun, ina kuɗin fansar, ina bindigar, ina waɗanda har yanzu ba su dawo ba.

Dattawan Kaduna suna tuna zuwan Fafaroma John Paul na biyu garin nan a Fabrairun 1982. Wata tara kafin nan, a ranar 13 ga Mayun 1981, Mehmet Ali Agca ya harbe shi a Roma. Daga gadon asibiti ya sanar cewa ya yafe masa, a Disamban 1983 kuma ya je kurkuku ya zauna da shi. Amma Agca ya ci gaba da zama a kurkukun Italiya har shekarar 2000, shekara 19, kafin shugaban ƙasar ya yi masa afuwa aka miƙa shi Turkiyya. Babu wanda ya ce Fafaroma bai yafe da gaske ba don kotu ta yi aikinta.

A Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sulhu da Akbishop Desmond Tutu ya jagoranta, wadda ta fara zama a 1996, ta sa sharaɗi: mai neman afuwa sai ya fito ya faɗi dukan abin da ya aikata. Sama da mutum 7,000 suka nema, waɗanda suka samu ba su kai 900 ba. Mu ma mun gwada namu da kwamitin binciken take haƙƙin ɗan'adam na Mai Shari'a Oputa a 1999, wanda ɗan jihar nan Matthew Hassan Kukah ya yi wa sakatare. Wasu tsofaffin shugabannin soja suka ƙi bayyana, aka miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba.

A cikin gida da cikin ikilisiya

Yawancin yafiyar da ake nema daga Kirista ba ta shafi bindiga ba. Ɗan'uwa ne ya cinye kuɗin adashe, ƙanin miji ne ya sayar da filin marayu, wata ƙawa ce a zumuntar mata ta yaɗa magana. A irin waɗannan, gaskiya mun fi buƙatar a matsa mana mu yafe, domin akwai gidajen da 'yan'uwa suke zama a benci ɗaya ranar Lahadi, su ci jibin Ubangiji tare, amma shekara biyar ba sa gaisawa a kan gadon ɗaki biyu. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma Matiyu 18:15 ya ba da hanya mai sauƙin faɗa, mai wuyar bi: ka je wurinsa kai da shi kaɗai. Mu kuwa sai kowa ya ji kafin shi.

Inda abin yake ɓaci shi ne in mai ƙarfi ya cuci marar ƙarfi. Matar da ake duka ta kai kuka wurin dattawan ikilisiya, sai a ce, "Mama, ki yi haƙuri, ki yafe, ki koma ɗakinki," shi kuma ba a ce masa komai ba domin shi ne ya ba da buhunan siminti na ginin majami'a. Ko a yi wa yarinya fyaɗe, a tara iyaye a ofishin fasto, a ce a rufa asiri don sunan ikilisiya, a kira wannan yafiya. Fyaɗe laifi ne a kan dokar ƙasa, kuma jihar Kaduna ta tsananta hukuncinsa a gyaran dokar da aka yi a 2020. Dattawan ikilisiya ba su da hurumin kashe irin wannan magana, kuma wanda aka rufa wa asiri yau yana nan a cikin yaran makarantar Lahadi gobe. Mace tana iya yafe wa mijinta daga gidan iyayenta. Iyaye suna iya yafe wa mutum su kuma tsaya a kotu su ba da shaida. Annabi Natan ya gaya wa Dawuda cewa Allah ya kawar da zunubinsa, amma a zama ɗaya ya gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba.

Haka ma zancen mantuwa. Ana yawan cewa in ba ka manta ba, ba ka yafe ba, kuma wannan ya sa mutane da yawa suna zargin kansu a banza. Bulus a wasiƙarsa ta biyu ga Timoti ya ambaci Iskandari maƙeri da suna, ya ce ya yi masa mugunta ƙwarai, ya bar sakamakonsa ga Ubangiji, sannan ya ce wa Timoti ya yi hankali da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ya yi tsalle, ba ƙiyayya ce take damunsa ba. In ka yafe wa ma'ajin da ya cinye kuɗin ƙungiya, ka gaishe shi, ka je sunan ɗansa, ka yi masa addu'a da zuciya ɗaya, amma a zaɓe mai zuwa a ba wani littafin kuɗin.